2.3 Muhimmancin Ƙayyadaddun Kalmomi Wajen Binciken Rubuce-Rubucen Likitanci

A wannan sashe za a yi bayani a kan abin da ake nufi da ƙayyadaddun kalmomi, da kuma rawar da ma'aikacin laburare yake takawa wajen amfani da su, tare da la'akari da bukatar ma'aikatan lafiya na unguwar Tudun Wada ta Kaduna, inda Asibitin Tunawa da Yusuf Ɗantsoho yake.

2.3.1 Ma'ana da Asali

Ƙayyadaddun kalmomi su ne jerin sunaye da masana suka amince da su, ta yadda kowace cuta ko magani zai kasance da suna guda ɗaya tak da za a riƙa ajiye rubuce-rubuce a ƙarƙashinsa. Mafi shahara a fagen likitanci shi ne MeSH, wanda Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya fito da shi a shekarar 1960. Tun kafin nan, John Shaw Billings ya fara buga Index Medicus a 1879, wato kundin da ke jera maƙalun mujallun likitanci, wanda aka daina bugawa a 2004. An buɗe rumbun MEDLINE a 1971, sa'annan aka ba jama'a damar shiga PubMed kyauta ta intanet a 1997. Ana sabunta MeSH kowace shekara.

2.3.2 Matsalar da Suke Magancewa

Matsalar iri biyu ce. Ta farko ita ce kalma ɗaya mai ma'anoni da yawa. Idan Bahaushe ya ce "shawara", yana iya nufin ciwon hanta, ko rawayar ido ta jarirai, ko kuma zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, alhali kuwa kowanne da maganinsa. Ta biyu ita ce cuta ɗaya mai sunaye da yawa. Misali, cutar noma mai cin naman fuskar yara, wadda aka kafa wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, wasu marubuta suna kiran ta cancrum oris, wasu kuma gangrenous stomatitis. Mai binciken da ya rubuta suna ɗaya kawai zai rasa maƙalun da suka yi amfani da sauran, kuma zai iya kwaso maƙalun marubutan Japan masu suna Noma waɗanda ba ruwansu da cutar. MeSH ya tara duk waɗannan sunaye a ƙarƙashin kan magana guda.

Haka kuma, an tsara kalmomin kamar reshen bishiya. Sanƙarau yana ƙarƙashin Meningitis, a ƙarƙashinsa kuma akwai nau'in da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, har zuwa nau'in da ya kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya a annobar 1996. Ke nan mai bincike yana da zaɓi: ya kama babban reshe don ya haɗa komai, ko ya kama ƙarami don ya taƙaita.

2.3.3 Rawar Ma'aikacin Laburare

Aikin ma'aikacin laburare shi ne ya saurari tambayar likita ko unguwarzoma, ya rarraba ta gida-gida, ya nemo wa kowane gida kalmar da ta dace, sa'annan ya haɗa su. Sai dai kuma ƙayyadaddun kalmomi kaɗai ba su wadatarwa, domin mujallun Afirka da dama ba su cikin MEDLINE. Wannan giɓi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tare da ƙungiyar AHILA suka kafa African Index Medicus a 1993. Bugu da ƙari, tun daga 2022 na'ura ce ke liƙa wa maƙalun MEDLINE kalmomin, don haka ya wajaba a haɗa su da kalmomin da marubuta suka yi amfani da su da kansu.

2.3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa bincike maras tsari yana iya ɓoye wa likita maƙalar da za ta sauya yadda zai yi wa majinyaci magani. Sashe na gaba zai duba hanyoyin horar da masu wannan aiki.