Kaka ta yi: Turai na gasa kek ɗin tuffa, kwarin Rima na kirɓa nakiya

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar watan Satumba ya kama, ganyaye suka fara kaɗewa, iyalai da dama kan shiga gasa wani kek da ake haɗawa da tuffa da kayan ƙamshi, domin a lokacin ne tuffa ke nuna, ta cika kasuwa, ta yi araha.

A kwarin Rima kuwa, wato yankin da ya haɗa Argungu da Birnin Kebbi, abin da kaka ke kawowa shi ne sabuwar shinkafa. Daga cikinta ne mata ke yin nakiya, wadda ita ma haɗin gari ce da zaƙi da mai da kayan ƙamshi.

Ko da yake ana samun kek ɗin zamani a shaguna da wuraren biki a waɗannan garuruwa, nakiya na da wata fa'ida da ta sa har yanzu ba a iya ture ta ba: tana yin watanni ba ta lalace ba, a yankin da zafi ke wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a watan Afrilu.

Dalilin da ya sa tuffa ba ta yi a Kebbi

Masana tsirrai sun gano cewa asalin tuffa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, a yankin da ƙasar Kazakistan take a yau. Ƙasar Sin ce ke noma kusan rabin tuffar duniya.

Bishiyar tana bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani a kowace shekara kafin ta yi fure yadda ya kamata. Sanyin hunturun Argungu, duk da yakan sa masunta jin wuta da asuba, bai kai wannan matsayi ba.

A Najeriya ana ɗan noma tuffa a wurare masu tudu da sanyi kamar Filato da Mambila, amma galibin wadda ake gani a kan tiren masu talla shigo da ita ake yi, musamman daga Afirka ta Kudu.

Can kuwa ana tsinkar ta ne a watannin farko na shekara, a adana ta a ɗakunan sanyi. Ke nan tuffar da ke kasuwar Birnin Kebbi ba ta da kaka, kuma farashinta na bin darajar Naira ne da kuɗin mota.

Shi kek ɗin tuffa ba shi da wuyar haɗi. Ana buga bota da sukari, a fasa ƙwai, a zuba fulawa da hodar da ke sa ƙulli tashi, a barbaɗa kirfa da citta da gyaɗar ƙamshi, sannan a yayyanka tuffa a ciki. Ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 180 na kimanin minti 45 zuwa sa'a guda.

To sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na tuffa ruwa ne. Wannan ruwa shi ke sa kek ɗin laushi, shi ne kuma ke sa ya yi funfuna cikin 'yan kwanaki idan ba firiji.

Ƙasar shinkafa

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Nahiyar na da nata irin, mai jan baya, wanda manoma suka fara shukawa a kwarin kogin Neja kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, tun kafin irin Asiya ya iso.

Fadamun da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi na shan ambaliya a kowace damina, ruwan ya bar musu laka mai taki idan ya janye. Ana girbin shinkafar damina daga wajen watan Oktoba zuwa Disamba, sannan a shiga noman rani.

Duniya ta fi sanin Argungu da bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Amma ga mazauna yankin, shinkafa ce abincin yau da kullum kuma hanyar samun kuɗi.

A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015. A ƙarshen 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, sannan a watan Agustan 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu.

Sai dai irin shinkafar da manyan kamfanoni ke fitarwa turararriya ce, wadda aka yi domin dafa-duka da shinkafa da miya. Nakiya kuwa ɗanyar shinkafa take so, wato shinkafar tuwo, wadda garinta ke da laushi kuma yake kama jikinsa.

Yadda ake yin nakiya

Kowane gida da irin hannunsa, kuma akasari uwa ko kaka ce ke koya wa 'ya'ya mata, ba tare da rubutaccen ma'auni ba. Amma matakan da aka fi bi kusan iri ɗaya ne.

Da farko ana tsince shinkafar, a wanke, a rege ta saboda tsakuwa, a shanya ta sha iska. Daga nan a daka ko a kai inji a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi.

Mataki na biyu shi ne suya. Ana zuba garin a busasshiyar tukunya a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya canza launi kaɗan ya fara ƙamshi.

A nan ne gwaninta take. Idan wuta ta yi yawa garin zai ƙone ya yi ɗaci, idan kuma aka yi gaggawar saukewa nakiyar za ta yi gardin ɗanyen gari, ba kuma za ta jima ba.

Sai a kawo zaƙi. A da zuma aka fi amfani da ita, ko mazarƙwaila da ake yi da ruwan rake. Yanzu sukari ya fi yawa. Wasu kan dafa shi har ya yi danƙo kafin su zuba gari, wasu kuma su daka shi tare da garin.

Daga nan a juye a turmi, a zuba dakakken kayan ƙamshi, a riƙa kirɓawa ana ɗiga soyayyen man shanu ko man gyaɗa kaɗan-kaɗan. Aiki ne na ƙarfi, shi ya sa idan ta biki ce maƙwabta da dangi kan taru su karɓi juna a taɓarya.

Ana gane ta yi idan aka dunƙula ta a hannu ta tsaya ba ta wargaje ba, kuma tana sheƙi. Sai a cura ta, a jera a kwalla ko kwano mai murfi.

Sirrin daɗewarta a bayyane yake. Suya ta kore ruwan da ke cikin gari, sukari ko zuma na riƙe ɗan danshin da ya rage, shi kuma man shanu an riga an ƙone ruwan da ke cikinsa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa yaɗuwa inda babu ruwa.

Saboda haka ne masu yin ta ke gargaɗin kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma a rufe ta tana da ɗumi.

Kayan ƙamshi da tarihinsu

Kek ɗin Turawa da nakiya sun yi tarayya a kan citta, wani lokaci har da kanumfari. Inda suka rabu shi ne, Turawa sun fi dogara ga kirfa, matan Hausa kuwa kan ƙara masoro da kimba, wasu ma har da ɗan barkono.

Sunayen kansu na ba da labarin hanyar da kayan suka biyo. Kanumfari da kirfa duka kalmomi ne da Hausa ta aro daga Larabci, alamar cewa ta hannun fataken Sahara suka iso ƙasar Hausa.

Asalin kanumfari tsibiran Maluku ne na Indunusiya, kafin a kai shi Zanzibar a ƙarni na 19. Kirfa ta asali kuwa daga Siri Lanka take.

Cinikin bai tsaya a hanya ɗaya ba. Citta mai 'ya'ya ta Afirka ta Yamma ta yi tashe a Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har Turawa suka yi mata laƙabi da ƙwayar aljanna.

Bayan ƙamshi, kanumfari na ɗauke da wani sinadari da ke rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta, abin da ke ƙara taimaka wa nakiya wajen jimawa.

Gara da tsadar kaya

Ba don kwaɗayi kawai ake yin nakiya ba. Tana cikin kayan gara da iyayen amarya ke kaiwa gidan ango, tare da alkaki da dubulan da cincin, ana kuma yi wa mai jego. Daga nan ake rarraba wa dangin miji, kuma da ita ake auna bajintar gidan da amarya ta fito.

Da yake bayan girbi ne manomi ke da kuɗi a hannu, a lokacin ne aure ke yawaita a karkara. Don haka abin da ya sami gona yakan bayyana a kwallar amarya.

A watan Satumban 2020, alal misali, ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi ana dab da girbi, a daidai lokacin da iyakokin Najeriya na tudu ke rufe tun watan Agustan 2019.

A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, sannan wata cuta ta lalata gonakin citta a kudancin jihar Kaduna, inda ake noma mafi yawan cittar ƙasar. Farashin citta ya ninka sau da dama.

Sukari ma bai tsira ba, domin Najeriya na shigo da galibin ɗanyen sukarinta ne daga Burazil. Amma duk da haka kek ya fi nakiya dogaro da kayan waje, tun da alkamar da ake yin fulawa da ita, da ita kanta tuffar, akasari daga ƙetare suke zuwa.

Malaman addini sun daɗe suna jan hankalin cewa gara al'ada ce, kuma a shari'a ciyarwa nauyin miji ne, don haka bai kamata uban amarya ya ci bashi ko ya sayar da gona saboda ita ba. Likitoci kuma na gargaɗin masu ciwon sukari da su yi hattara da nakiya da kek baki ɗaya, saboda yawan zaƙi da mai.

A birane, iyalai da yawa sun koma ba da kwangilar kayan gara ga matan da suka mayar da abin sana'a. Hakan ya samar wa mata da dama abin yi a cikin gidajensu, amma ya rage yawan 'yan matan da ke koyon aikin a gaban iyayensu.

Ga uwargidan da ke son gwada kek ɗin tuffa a Birnin Kebbi ko Argungu, ko ba ta da obin tana iya gasa shi a tukunya mai yashi a ƙasa, da garwashi a kan murfi. Abin da ya kamata ta sani shi ne, wannan na ci ne a kwana biyu ko uku.

Wanda kuwa za a kai gidan amarya, a ajiye ana yi wa baƙi marhabin da shi har sanyin hunturu ya wuce, sai an koma ga turmi da sabuwar shinkafar fadama.