In Hadari Ya Riske Ku a Hanya da Dare

Yau hirarmu a kan komawa gida ce cikin ruwa da tsawa da dare.

Wata za ta ce, to ni da nake cikin kulle, ina ruwana da tuƙi? Ai kuwa da ruwanki, uwargida. Yawancin fitarmu ta dare ce: barka, ta'aziyya, biki, ko kai yaro asibiti Kazaure. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, hadari yakan taso daga gabas da yamma lis ko da dare, daidai lokacin da muke hanya. Ba ke ke riƙe da sitiyari ba, amma kina da baki, kuma ran 'ya'yanki yana cikin motar.

Na farko, tun kafin a tashi. In gabas ta yi baƙi, ana walƙiya, iska ta fara kaɗawa da sanyi, ki ce wa maigida cikin ladabi, "Malam, da mun ɗan jira ya sauka." Kwana a gidan 'yan uwa ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa ya riga ya same ku a hanya, direba ya rage gudu sosai, don taya ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, birki ma ba ya ci da wuri. Ya bar doguwar fitila, ya sa gajera, saboda doguwar a kan ruwan take haskawa ta dawo masa ido. In ya daina ganin gabansa, ya sauka daga titi gaba ɗaya, a kan tudu, nesa da bishiya da turken lantarki, ya kunna fitilun nan huɗu masu ƙyaftawa. Ke kuma ki lallashi yara, kada surutu ya raba masa hankali.

Sai maganar aradu. Mota mai rufin ƙarfe mafaka ce, domin in aradu ta faɗo, ta jikin ƙarfen take bi ta wuce ƙasa. Ku ɗaga gilasai, ku zauna ciki, kada kowa ya dafa ƙarfen ƙofa. Amma babur, da adaidaita sahu, da bayan a-kori-kura, babu kariya a cikinsu. Ku sauka ku shiga gini, ko masallaci ne ko shago. Kada ku raɓe gindin kuka ko darbejiya, nan aradu ta fi faɗawa. In kin ga walƙiya, ki ƙirga: kowane daƙiƙa 3 kafin ki ji tsawa, nisan kilomita 1 ke nan. Muddin kina jin tsawar, ba ku tsira ba. A jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

Abin da ya fi ɗaukar rai kuwa shi ne ruwa mai gudu. Ƙasarmu ta Roni da Kazaure ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai. Ruwan da ya sauka a tudu nan da nan yake cika rafin da kuka wuce a bushe da la'asar. Mun ga yadda ambaliyar 2022 da ta 2024 suka cinye hanyoyi a Jigawa. Ruwa mai gudu da ya ɗan wuce idon sawu yakan kayar da babban mutum. Wanda ko gwiwa bai kai ba, kamar santimita 30, yakan ɗaga ƙaramar mota. Da dare kuma wa ya san ko kwalbatin yana nan ko ya tafi? In direba ya ce, "Na saba wucewa nan," ki ce, "Don Allah a juya." Ko da zai ji haushi, gobe ya huce.

In wayar lantarki ta faɗo kan motar, kada kowa ya sa ƙafa ƙasa. A kira taimako daga ciki. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. Ki sa a ajiye miki ita a waya tun yau.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa ɗakinsa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.