Me Ya Sa Almakashin Aski Mai Araha Ke Saurin Dakushewa?

Duk mai shagon aski a Augie ya san wannan: ka je Argungu ko Birnin Kebbi ka sayo sabon almakashi yana ƙyalli, mai kanti ya ce maka ba ya tsatsa, bayan ƴan watanni sai ya koma tauna gashi. To ina matsalar take?

Rashin tsatsa daban, riƙe kaifi daban. Ƙarfe yana zama mara tsatsa ne idan an haɗa shi da sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyom ɗin kan haɗu da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke kare ƙarfen. Harry Brearley ne ya yi fice da wannan haɗi a Sheffield ta Ingila a 1913.

Kaifi kuwa aikin kabon ne da yadda aka gasa ƙarfen. Maƙeranmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke tsoma aska cikin ruwa tana jawur don ta yi tauri. Yawancin almakashi masu araha ana yin su da ƙarfe mai lamba 420, wanda kabon ɗinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai lamba 440C yana da kusan kashi 1, ya fi tauri, bakinsa ya fi daɗewa, kuɗinsa ma ya fi. Kada mayen ƙarfe ya ruɗe ka: yana kama dukansu biyun.

Sai kuma yanayinmu. Ƙurar hunturu da ke maƙale a gashi tana ɗauke da ɓarɓashin rairayi da ya fi ƙarfen tauri, kowane yanka tamkar goga bakin ne a kan yashi. Da damina kuma ga laimar fadamar Rima.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen tsafta. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, don haka tilas a tsaftace kayan aski tsakanin kai da kai. Amma bilic, irin su Hypo da Jik, yana cin waccan fatar kariya. Ka bar almakashi ya kwana a ciki, za ka ga ƙananan ramuka a bakinsa, waɗanda datti ke ɓuya a cikinsu. Ka fara wanke shi da sabulu, ka jiƙa kamar minti 10 a bilic da aka sirka, ka ɗauraye, ka shanya, sannan ka ɗiga man keken ɗinki a mahaɗarsa.

A ganina 420 ba abin rainawa ba ne ga mai ƙaramin jari, don yana da sauƙin wasawa. Abin da ba za ka yi da shi ba shi ne yanka takarda ko zare.