Zare da Dutse: Matsayin Kayan Gwaji Wajen Koyar da Fiziks

Ilmin fiziks ilmi ne da ke binciken yadda abubuwa ke motsi, da yadda zafi da haske da sauti da lantarki ke gudana. Ko da yake an cika littattafansa da lissafi, ba lissafin ne tushensa ba. Tushensa shi ne awo. Duk ƙa'idar da aka rubuta a allo, sai da wani ya auna abu da hannunsa kafin a yarda da ita, kuma ranar da awo ya ƙaryata ta, to, ta faɗi ke nan. Wannan ne ya sa kowace kwaleji ke ƙoƙarin mallakar ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai abin tambaya shi ne, shin mallakar kayan kawai ta isa ta sa ɗalibi ya fahimta?

Yadda Al'adar Ta Samo Asali

Da can malami ne kaɗai ke taɓa kayan gwaji, ɗalibai kuwa sai kallo. Michael Faraday ya yi fice a wannan fanni a birnin Landan, inda ya riƙa gabatar da laccocin ƙarshen shekara ga matasa, har ya taɓa gina darussa sukutum a kan kyandir guda. Daga baya ne aka ga ya kamata ɗalibi ya sa hannunsa. A shekarar 1869 Edward Pickering ya buɗe ɗakin gwaji na ɗaliban fiziks a kwalejin MIT ta Amurka, sa'an nan a 1874 aka buɗe ɗakin gwaji na Cavendish a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin James Clerk Maxwell. Tun daga nan hanyoyin suka zama biyu, wato nuni, wanda malami ke yi a gaban aji, da gwaji, wanda ɗalibi ke yi da kansa.

Gani Ba Ci Ba Ne

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma kuma su ne suka ce gani ba ci ba ne, da kare bai kwana da yunwa ba. Binciken masana ya gaskata karin maganar ta biyu. A shekarar 2004 Catherine Crouch da Eric Mazur da abokan aikinsu a Jami'ar Harvard suka bayyana cewa ɗaliban da suka zauna suna kallon nuni kurum ba su fi waɗanda ba su gani ba iya bayyana dalilin abin da ya faru. Waɗanda aka nemi su faɗi abin da suke zaton zai faru kafin a yi nunin kuwa, fahimtarsu ta ƙaru ƙwarai. Haka nan a 2017 Natasha Holmes da Carl Wieman da wasu suka duba sakamakon ɗalibai a manyan makarantu uku na Amurka, suka tarar cewa gwaje-gwajen da aka shirya don kawai su maimaita darasin aji ba su ƙara wa ɗalibai wani abin kirki a jarrabawa ba.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Ɗalibi ba ya shigowa aji da kai fanko. Yana zuwa da ra'ayin da ya ɗauka tun yana yaro, misali cewa abu mai nauyi ya fi mara nauyi saurin faɗuwa. Idan ba a sa shi ya furta wannan ra'ayi ba, sai ya kalli nunin, ya yi tafi, ya fita da ra'ayinsa yadda ya shigo da shi. In kuwa ya furta, sa'an nan idonsa ya ƙaryata shi, dole ya sake tunani.

Misalin Lilo

Babu kayan gwajin da ya fi lilo arha. Zare ne kawai da ɗan dutse ko ƙarfe a ƙarshensa, sai ma'auni da agogo. Kafin a saki lilon, malami zai tambayi aji tambayoyi uku: idan aka ƙara nauyin dutsen, lokacin kai da komowarsa zai sauya? Idan aka ƙara tsawon zaren fa? Idan aka ja shi nesa kaɗan kafin a saki fa? Kowa ya rubuta amsarsa, sa'an nan a auna.

Awo zai nuna cewa nauyi ba ya sauya lokacin, kuma muddin ba a karkatar da zaren fiye da digiri 10 ba, nisan ja ma ba ya sauya shi yadda za a lura. Tsawon zare ne ke da iko. Lilo mai tsawon mita 1 yana kai da komowa cikin kimanin sakan 2, mai santimita 25 kuwa cikin sakan 1. Wato sai an ninka tsawo sau huɗu kafin lokaci ya ninka sau biyu. Ɗalibi mai ƙwazo zai ja lilon har digiri 60, ya ga lokacin ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin ɗari, ya gane cewa ƙa'idar littafi tana da iyakarta.

A nan ne kuma ake koyon dabarar awo. Hannun mutum kan yi jinkiri ko gaggawa na kusan sakan 0.2 wajen danna agogo. In kai da komowa ɗaya aka auna, kuskuren ya kai kashi 10 cikin ɗari. In aka ƙirga 20, aka sami sakan 40.2, kuskuren ya ragu zuwa rabin kashi ɗaya. A raba 40.2 gida 20, a sami 2.01. A ninka wannan da kansa, a sami 4.04. A ninka tsawon zaren da 39.5, a raba da 4.04, sai a sami kimanin 9.8. Wannan adadi shi ne ma'aunin ƙarfin jan ƙasa, wato duk abin da aka saki ya faɗo, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Ga shi ɗalibi ya auna jan duniya baki ɗaya da zare da dutse.

Lilon ya taɓa tona wani asiri babba. A 1672 Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Faris zuwa Kayen, kusa da ikwaita a Kudancin Amurka, sai ya ga yana yin baya da kimanin minti biyu da rabi kullum. Isaac Newton ya bayyana cewa jan ƙasa ya fi rauni a can, domin duniya tana juyawa, kuma ta ɗan kumbura a tsakiyarta. Shi ya sa adadin yake kusan 9.78 a Kano da Zariya, amma 9.81 a Landan.

Gaskiya a Littafin Awo

Babbar cutar ɗakin gwaji ita ce ɗalibi ya san amsa tun kafin ya fara, sa'an nan ya gyara lambobinsa don su dace da ita. Malamin da ke ba da maki ga wanda ya sami 9.8 kaɗai, shi ne ke shuka wannan hali. Wanda ya sami 9.3, ya bincika, ya gano cewa ya auna zaren zuwa saman dutsen maimakon tsakiyarsa, ya fi amfana nesa ba kusa ba. Irin waɗannan ɗalibai ne gobe za su auna ƙarfin gada, ko yawan hasken da za a haska wa majinyaci a asibiti, wuraren da lambar ƙarya ke iya cin rai.

Saboda haka rashin kayan waje masu tsada ba hujja ba ce ta koyar da fiziks a allo kaɗai, haka kuma kayan da aka kulle a kabad don tsoron lalacewa ba su koyar da kowa. Abin da ya wajaba ga malami shi ne ya sa ɗalibi ya faɗi zatonsa, ya auna da hannunsa, ya rubuta abin da ya samu tsakaninsa da Allah, sa'an nan ya nemi dalilin bambancin da ya gani.