Ina Ake Kai Man da Aka Gama Suya da Shi?

A watan Satumba na 2017, ma'aikatan kamfanin Thames Water suka shiga wata babbar magudanar ƙazanta da ke ƙarƙashin unguwar Whitechapel a birnin Landan, suka tarar da dunƙulen maiƙo ya toshe hanya. Tsawonsa mita 250, nauyinsa kimanin tan 130. Makonni aka kwashe ana farfasa shi da shebur da ruwa mai ƙarfi. Man suya ne da kitse da gidaje da gidajen abinci ke tuttulawa a wurin wanke-wanke, kowa da ɗan nasa, suka haɗu da tsummokaran goge jiki da ake jefawa a masai.

Mai yana bin rariya kamar ruwa muddin yana da zafi. Da ya huce sai ya yi kauri, ya manne a jikin bututu. Wanda ya ga yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu ya san abin da ake nufi. Ba a nan ya tsaya ba: man da ya sha wuta yana sakin wasu sinadarai masu tsami, su kuwa idan suka gamu da sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa da siminti sai su zama wani irin sabulu mai tauri wanda ruwa ba ya narkarwa. Shi ya sa bin mai da ruwan zafi da omo ba ya magani, gaba kawai yake tura shi ya je ya daskare inda hannu ba ya kaiwa.

A yawancin garuruwanmu babu irin waccan magudana ta ƙarƙashin ƙasa. Rariya ce ke fita daga tsakar gida ta zuba a kwata. Can maiƙon ke kama yashi da ledar fiya-wata da ɓawon albasa, ya ɗaure su wuri guda. Ruwa ya tsaya, wari ya tashi, ɓeraye da kyankyasai su sami abinci. Damina na zuwa kwatar ta cika ta koma cikin gidajen mutane. Mai gidan da ke da sokawe kuma yana kashe kansa da kansa, domin maiƙo yana toshe ƙofofin ƙasar da ke tsotse ruwa, ramin ya riƙa cika kafin lokacinsa.

Sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne man da ba a zubarwa. Da tsadar man gyaɗa a yau, wace uwargida ce za ta zubar da rabin kasko? Mai ƙosai da mai awara da mai soya kifi a bakin titi ƙari suke yi a kan na jiya, na jiya kuma a kan na shekaranjiya, har man ya yi baƙi. Ban ga laifinsu ba, ribar ba ta da yawa. Amma duk lokacin da mai ya hau wuta, zafi da iska da ruwan abincin suna lalata shi, yana haifar da sinadarai masu cutar da jiki, kuma sabon mai ba ya gyara tsoho. Ƙasashe da dama sun sa iyaka a kan wannan. A Indiya, tun 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta FSSAI ta hana suya da man da lalatattun sinadaransa suka wuce kashi 25 cikin ɗari. Mu ba mu da na'urar awo a madafa, amma ido da hanci sun isa. In mai ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ko yana warin ɗaci, to aikinsa ya ƙare.

Wanda bai kai nan ba, a bari ya huce, a tace da rariya mai laushi ko tsumma mai tsabta, a rufe a ajiye nesa da rana. Ɓurɓushin da ke ƙonewa a ciki shi ke saurin kashe shi. Wanda ya mutu kuwa a ɗura a tsohuwar gora, a ɗaure baki. In kaɗan ne, a jiƙa shi da toka ko ɗiɗɗigar katako a sa a shara. A goge kasko da takarda kafin a kai wanki, takardar ta yi amfanin hura gawayi. Kada a ajiye gorar kusa da man girki, yara ba za su bambance ba.

Man nan kuma kuɗi ne. Birnin Kyoto na Japan ya fara tattara tsohon man suya daga gidaje tun 1997, yana mayar da shi dizal ɗin da motocin kwashe shararsa ke sha. A wajenmu hanya mafi kusa ita ce sabulu. Matan da ke haɗa sabulun soda mai suke saye, kuma tsohon man da aka tace yana yin sabulun wanki. Da ƙungiyoyin mata a unguwanni za su haɗa masu suya da masu sabulu, da mai ƙosai ta sami abin da zai rage mata asarar canza mai. Sharaɗi ɗaya ne, a san inda kowace jarka ta nufa. A ƙasar Sin an sha kama masu kwasar irin wannan mai suna tacewa suna mayarwa kasuwar abinci, don haka wanda aka tara don sabulu sai a sa wa jarkarsa alama, a miƙa ta hannu da hannu ga mai haɗa sabulun.