AGWAGIN ITACE DA SUKA FI GIDA TSADA: BAJE KOLIN MASASSAƘA A GARIN EASTON

Kowace shekara, idan watan Nuwamba ya kama, sanyi ya fara koro tsuntsayen ruwa daga ƙasar Kanada zuwa kudu, wani ɗan gari mai suna Easton a Jihar Maryland ta ƙasar Amurka yakan cika maƙil da baƙi har kwana uku, daga Jumma'a zuwa Lahadi. Mutanen garin ba su fi kimanin 17,000 ba, amma a waɗannan kwanaki akan tare wasu titunan tsakiyar gari, a mai da makarantu da manyan zaurukan taro wuraren nuni. Abin da ke tara wannan jama'a kuwa shi ne bikin tsuntsayen ruwa, wanda aka fara tun 1971, kuma ƙashin bayansa wata haja ce da mai karatu zai yi mamakinta, watau agwagin da aka sassaƙa da itace.

Wanda ya shiga zauren 'yan saye da musanya zai tarar da tebura jere, an shimfiɗa musu ƙyalle, an ɗora agwagi ɗaruruwa. Wasu sababbi ne ful, suna ƙyalli. Wasu kuwa fentinsu ya koɗe, bakinsu ya gutsure, jikinsu duk tabon harsashi. Baƙo zai zaci sababbin ne masu kuɗi. Ba haka abin yake ba. A gaban tsofaffin nan ne za a ga dattawa sun tsaya cirko-cirko, kowa ya ɗauki ɗaya ya kifa ta yana duban cikinta, sa'an nan ya ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Asalin waɗannan agwagi kayan farauta ne. Agwagwar daji ba ta son sauka inda ba ta ga 'yan'uwanta ba. Saboda haka maharbi yakan zuba na itace a bisa ruwa, ya ɓuya a cikin ciyawa, idan garken da ke sama ya hango su sai ya zaci wuri ne mai abinci da kwanciyar hankali, ya sauko har inda bindiga za ta kai. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe don ya kusanci namun daji. Amurkawa suna kiran irin wannan agwagwa da sunan dikoi.

Ba Turawa ne suka ƙago abin ba. A cikin 1924 masu binciken tarihi sun tono agwagi goma sha ɗaya a wani kogo da ake kira Lovelock a Jihar Nevada, waɗanda 'yan asalin ƙasar suka ɗaure da ciyawar fadama, suka yi wa wasu ado da gashin tsuntsu na gaske. An ƙiyasta shekarunsu sun kai kimanin 2,000. Turawan da suka zo daga baya su ne suka koma ga itace, domin ya fi jure wa ruwa da jifa.

Sassaƙar kuwa tana da ƙa'ida. Akan fafe gangar jiki daban daga itace marar nauyi, a rage shi da ɗan gatari, a goge da wuƙa da magagari. Kai ma daban ake yinsa, sa'an nan a haɗa da ƙusa. A ƙarƙashin ciki akan buga dalma domin agwagwar ta zauna daidai a kan ruwa, a sa zobe ko ɗan madaukin fata inda za a ɗaura igiyar anga. Kowane yanki da irin hannunsa, gwargwadon ruwan da ake farauta a kai. Masassaƙan bakin tekun New Jersey sukan rarake cikin tasu don kada ta yi wa ƙaramin kwalekwale nauyi, na arewacin mashigin teku na Chesapeake kuwa sukan bar tasu dunƙule, mai zagayayyen ciki, saboda igiyar ruwa. Da wannan ne gwani yakan dubi agwagwa daga nesa ya faɗi garin da aka yi ta, wani lokaci har da sunan wanda ya yi.

Zamanin da sana'ar ta fi bunƙasa shi ne kuma zamanin da tsuntsayen suka fi shan wuya. Daga tsakiyar ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya haɗa bakin ruwan Chesapeake da manyan birane irin su Baltimore da Philadelphia da New York, inda masu otal ke sayen naman agwagwar daji da tsada, musamman wata iri mai jan kai da farin baya da ake kira kambasbak. Sai farauta ta zama kasuwanci. Wasu maharba suka riƙa kwanciya a cikin wani akwati da ke nutse daidai da fuskar ruwa, an kewaye su da agwagin itace 200 ko 300, ko ma fiye. Wasu kuma da dare suke fita da wata ƙatuwar bindiga mai kama da igwa, an kafa ta a goshin kwalekwale, wadda harbi guda yakan kashe tsuntsaye masu yawa suna barci. Buƙatar agwagin itace ta yi yawa har aka kafa masana'antu. Wadda ta fi suna ita ce ta Mason a birnin Detroit, wadda ta yi aiki daga 1896 zuwa 1924.

Da tsuntsaye suka fara ƙarewa sai hukuma ta farka. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Ingila, a madadin Kanada, don kare tsuntsaye masu ƙaura, a 1918 kuma majalisa ta zartar da dokar da ta hana sayar da su. A 1935 aka ƙara da hana akwatin nan mai nutsewa, da zuba hatsi don jawo tsuntsaye, da ɗaure agwagwa mai rai a matsayin tarko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai ga agwagin roba, masu arha, marasa nauyi. Na itace suka zama tarkace. An jibge su a rumbuna da bayan gida, da yawa kuwa murhu ne ya cinye su lokacin hunturu.

Mutum na farko da ya yi suna wajen tsince su shi ne wani mai zanen gine-gine na New York, Joel Barber, wanda ya wallafa littafi a kansu a 1934, yana mai ganin cewa aikin fasaha ne da ya cancanci a adana. Yawancin abin da ya tara ya koma gidan adana kayan tarihi na Shelburne a Jihar Vermont. Duk da haka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba sai bayan rasuwar wani babban mai tarawa, William Mackey, wanda aka yi gwanjon kayansa a 1973 da 1974. A wurin ne aka sayi wani ɗan tsuntsun bakin ruwa na itace a kan dala 10,500, jama'a suka riƙe baki. A watan Janairu na 2000 wata dinya mai barci da Elmer Crowell na Jihar Massachusetts ya sassaƙa ta kai dala 684,500 a gwanjon Sotheby's. A 2007 aka sake sayar da ita, tare da wata agwagwa mai gyaran gashi ta hannun mutumin nan, kowace ɗaya a kan dala miliyan 1.13. Shi Crowell ɗin, wanda aka haifa a 1862, ya daɗe yana kula wa masu hali da wuraren farautarsu kafin ya zauna kan sassaƙa sosai a 1912.

Inda kuɗi ya kai haka, ba a rasa algus. Shi ya sa dattawan nan ke kifa agwagwa. Suna neman tambarin mai yi ko na mai ita na farko, wanda akan ƙona a ciki da ƙarfe mai zafi. Suna duban ko kan na ainihi ne, ko wani aka ɗauko aka liƙa. Babban abin dubawa shi ne fenti. Agwagwar da ke da fentinta na farko, ko da ya koɗe, ta ninka wadda aka sake shafewa daraja sau da yawa, alhali kuwa maharbin da ya sake shafe ta gyara ya yi, ba ɓarna ba, domin shi aiki yake so ta yi masa. Manyan dillalai har hoton cikin itacen suke ɗauka da na'ura irin ta asibiti, su kuma haska fentin da wata fitila ta musamman mai tona sabon shafi. Akwai kuma masu sassaƙa sabuwa su tsufar da ita da gangan. Ɗan koyo da ya zo da zumuɗi da kuɗi a aljihu, shi ne abincinsu.

A wani ɓangaren bikin kuma masassaƙan yau ne ke zaune da kayan aikinsu, yara sun kewaye su. Su ma kashi biyu ne. Akwai masu bin tsohuwar hanya, waɗanda ke cewa agwagwar da ba ta shiga ruwa ba, ba agwagwa ba ce. Akwai kuma masu aikin ado, waɗanda ke zana kowane silin gashi da alƙalami mai zafi, su shafe watanni a kan tsuntsu guda, har mai kallo ya kai hannu don ya tabbatar itace ne. Wannan hanya ta biyu ana danganta tushenta ga wasu 'yan'uwa biyu masu aski na garin Crisfield, Steve da Lem Ward. Steve ya fi riƙe wuƙa, Lem ya fi riƙe buroshi. Da kasuwar maharba ta mutu, sai suka juya ga yi wa masu ado. Steve ya rasu a 1976, Lem kuwa a 1984, shekara guda bayan gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta masu sana'ar gargajiya.

Da sunansu ake yin babbar gasar duniya ta wannan sassaƙa a garin Ocean City, cikin Jihar Maryland ɗin, a watan Afrilu. A can alƙalai ba sa wasa da ajin agwagin farauta. Akan saka su cikin babban kwamin ruwa, a kifa su, wadda ba ta mirgino ta zauna da kanta ba ta faɗi, kome kyawunta. Wadda ta karkata gefe guda ita ma haka. Wannan hukunci yana da ma'ana, domin shi ne kaɗai ya rage da ke tuna wa kowa abin da aka yi agwagwar dominsa tun farko.

Su tsuntsayen fa? Halin da suke ciki bai kai na itacen daɗi ba. Abin da ke kawo kambasbak arewacin Chesapeake wata ciyawa ce da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa, kusa da garin Havre de Grace. Gurɓatar ruwa ta daɗe tana rage ta, sa'an nan guguwar Agnes ta watan Yuni na 1972 ta kwaso laka daga kogin Susquehanna ta binne mafi yawanta, aka yi shekaru masu yawa kafin ta fara farfaɗowa. Shirin da ya fi taimakawa shi ne kan sarkin agwagwa da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 1934, wanda dole duk maharbin tsuntsayen ruwa da ya kai shekara 16 ya saya. Da farko dala 1 ne, a 2015 aka mai da shi dala 25, kuma kashi 98 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ne wajen saye da kare fadamu. Masu shirya bikin Easton su ma tun farko suka ɗaura niyyar zuba ribar taron a irin wannan aiki, kuma cikin shekaru sun ba da miliyoyin daloli.

A garin Havre de Grace, inda aka buɗe gidan adana agwagin itace a 1986, ana tunawa da Madison Mitchell, mai sana'ar shirya jana'iza, wanda ya yi agwagi dubbai a shagonsa na bayan gida, ya kuma koya wa samari da yawa kafin rasuwarsa a 1993. Almajiransa da almajiransu suna cikin masu kafa tebur a Easton. Galibin abin da suke sayarwa kan kanta yake ƙarewa a falo. Maharban da ke fita kogi da asubar ranakun bikin kuwa, mafi yawansu buhun agwagin roba suke saɓawa a kafaɗa.