BABI NA UKU: TASIRIN KAURIN BAƘIN MAI GA TSAWON RAN INJIN MOTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan wata muhawara da ta daɗe tsakanin kamfanonin ƙera motoci da makanikai da kuma masu motocin su kansu, wato ko tsinkakken baƙin mai yana iya kare inji har ya yi tafiyar dubban ɗaruruwan kilomita, ko kuwa sai mai kauri ne kaɗai ke iya yin hakan. Batun yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan inji ya buga, kuɗin gyara shi ko sauya shi yakan fi ƙarfin mai matsakaicin hali, direban haya kuwa abincinsa ne ya tsaya. Saboda haka za a duba ma'anar lambobin da ake rubutawa a jikin galan ɗin mai, da yadda man yake kare ƙarfe, da dalilin da ya sa kamfanoni suka koma ga tsinkakken mai, sannan a kawo hujjojin da aka samu daga motocin da suka sha aiki.

3.1 Ma'anar Lambobin Baƙin Mai

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wadda aka fi sani da SAE, ita ce ta fara rarraba baƙin mai gwargwadon kaurinsa a shekarar 1911, kuma tsarinta mai suna J300 shi ake bi a duniya. Idan aka ga an rubuta 5W-30, to lambobi biyu ne masu aiki daban-daban. Lambar farko da ke manne da harafin W tana nuna halin man a cikin tsananin sanyi, domin W harafin farko ne na kalmar Ingilishi mai nufin hunturu. Ana gwada 0W a sanyin digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, 5W a digiri 30, 20W kuwa a digiri 15 ƙasa da sifili.

Lamba ta biyu kuwa tana nuna kaurin man bayan inji ya ɗauki zafi, wato a digiri 100. A ma'aunin da ake taƙaitawa da cSt, mai lamba 20 yana tsakanin 6.9 da 9.3, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai lamba 50 kuwa daga 16.3 zuwa 21.9. Har ila yau akwai gwaji na uku da ake yi a zafin digiri 150 tare da matsa man da ƙarfi, kamar yadda yake matsuwa a cikin inji mai gudu. A wannan gwaji ba a yarda mai lamba 20 ya gaza 2.6 a ma'aunin cP ba, mai lamba 30 kada ya gaza 2.9, mai lamba 50 kuwa kada ya gaza 3.7. Ke nan bambancin da ke tsakanin tsinkakken mai da mai kauri a wurin da ƙarfe ke shan wuya bai kai girman da lambobin galan ke nunawa ba.

3.2 Yadda Baƙin Mai Yake Kare Ƙarfe

Tun a shekarar 1883 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Beauchamp Tower ya gano cewa sandar ƙarfe mai juyawa a cikin gammonta takan jawo mai ƙarƙashinta har man ya ɗaga ta. A 1886 Osborne Reynolds ya bayyana lissafin wannan al'amari, sannan a 1902 Richard Stribeck na Jamus ya nuna yadda gugar ƙarfe take sauyawa gwargwadon kaurin mai da gudu da nauyi. Daga ayyukan waɗannan masana aka fahimci cewa mai yana kare inji ne a matakai uku.

Mataki na farko shi ne inda man ya raba ƙarafa biyu gaba ɗaya. Haka karanshaf yake juyawa a cikin gammon ƙarfen da makanikai ke kira metal, ba tare da sun taɓa juna ba. Tazarar da ke tsakaninsu a injunan zamani takan kasance daga milimita 0.02 zuwa 0.05, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba. Muddin shimfiɗar man ta fi tsawon kaushin da ke jikin ƙarafan, to babu cinyewa, kuma ƙara wa man kauri ba zai ƙara komai ba sai jan inji da ƙarin zafi. Mataki na biyu shi ne inda shimfiɗar ta yi siriri har ƙarafan suna ɗan taɓa juna jefi-jefi. Mataki na uku kuwa shi ne inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, kamar lokacin tayar da inji, da kuma wurin da zoben fistin ke tsayawa a ƙarshen silinda kafin ya juyo. A wannan mataki magungunan da aka zuba wa man su ne suke aiki, musamman sinadarin tutiya da fosfaras da ake kira ZDDP, wanda aka fara amfani da shi tun shekarun 1940. Shi yake lulluɓe ƙarfe da wata 'yar fata wadda take cinyewa a madadin ƙarfen.

Abin lura a nan shi ne, kowane irin mai ya yi wa inji kauri a lokacin tayarwa. Man 0W-20 yakan kai kimanin 45 cSt a zafin digiri 40, wato ninki biyar na kaurin da yake aiki da shi idan inji ya yi zafi. Man 20W-50 kuwa yakan haura 150 a wannan zafi. Saboda haka tsinkakken mai ya fi saurin isa saman inji da safe, lokacin da bawul-bawul da kamshaf suke jiran sa.

3.3 Dalilin Komawa ga Tsinkakken Mai

Bayan rikicin man fetur na shekarar 1973, Amurka ta kafa doka a 1975 wadda ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan fetur a motocin da suke sayarwa, tare da tara ga wanda ya gaza. Ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na cika wannan sharaɗi shi ne rage kaurin baƙin mai, domin inji ba ya wahala wajen kaɗa shi. Ribar da ake samu galibi ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na fetur, abin da mai mota ɗaya ba zai lura da shi ba, amma ga kamfani mai sayar da miliyoyin motoci babban abu ne. A kan haka ne Ford da Honda suka koma ga 5W-20 a motocinsu na 2001, daga baya 0W-20 ya bazu. SAE ta ƙara lamba 16 a tsarinta a 2013, ta ƙara 12 da 8 a 2015, kuma Toyota ta sa 0W-16 ga Camry mai silinda huɗu ta 2018.

Wannan tarihi shi ne tushen zargin da makanikai da yawa ke yi, cewa an tsinka mai ne domin doka, ran inji kuwa ko oho. Gaskiya ne doka ce ta tura kamfanonin, amma kuma sun sauya ginin injin domin ya dace da man. An ƙara wa ƙarafa santsi, an gyara faɗin metal da tazararsa, an kawo famfon mai da ke sauya ƙarfinsa gwargwadon buƙata. Bugu da ƙari, man shi kansa ya inganta. Ƙa'idojin API SP da ILSAC GF-6 da suka fara aiki a watan Mayu na 2020 sun ƙunshi gwajin cinyewar sarƙar taimin, wanda babu shi a ƙa'idojin da suka gabace su.

3.4 Hujjoji Daga Motocin da Suka Sha Aiki

A shekarar 1996 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta buga sakamakon gwajin da ta yi da motocin tasi 75 a birnin New York. Kowace mota ta yi tafiyar mil 60,000, sannan aka kwance injunan aka auna sassansu. Ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen cinyewa tsakanin ire-iren man da aka gwada, waɗanda suka haɗa da 5W-30 da 10W-30. Haka kuma motar Ford Crown Victoria, wadda 'yan sanda da 'yan tasi na Amurka suka yi ta aiki da ita har aka daina ƙera ta a 2011, ta yi suna wajen juriya alhali 5W-20 littafinta ya tanada tun daga 2001. Wannan ya nuna cewa tsinkewar mai ita kaɗai ba ta kashe lafiyayyen inji.

Sai dai akwai misali na ɗaya ɓangaren. A watan Afrilu na 2025 kamfanin General Motors ya yi kiranye ga motoci kimanin 597,000 a Amurka, ƙirar 2021 zuwa 2024, masu injin lita 6.2, irin su Chevrolet Silverado da Tahoe da Cadillac Escalade, saboda injunan suna bugawa. Kamfanin ya ɗora laifin a kan kuskuren ƙira a karanshaf da sandunan fistin. Injin da ya faɗi gwaji aka ce a sauya shi, wanda ya ci gwaji kuwa aka ce a juye masa 0W-20 a zuba 0W-40. Wannan mataki ya tabbatar da abu biyu a lokaci guda. Na farko, asalin cutar a ƙarfe take. Na biyu, idan ƙarfe ya sami illa, mai kauri yana ba shi rarar kariya wadda tsinkakke ba ya bayarwa. Su ma littattafan wasu motocin Toyota sun ambata cewa mai da ya ɗara kauri zai iya fin dacewa idan ana gudu mai tsanani ko ɗaukar kaya masu nauyi.

3.5 Injin da Ya Tsufa

Idan inji ya yi doguwar tafiya, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa takan buɗe, zoben fistin ya saki, robobin da ke tare mai su bushe. Alamomin haka su ne raguwar ƙarfin mai har fitilarsa ta riƙa walƙiya idan mota tana tsaye inji na aiki, da shuɗin hayaƙi a salansa, da yawan ciko tsakanin juye da juye. A irin wannan hali, hawa mataki ɗaya, kamar daga 5W-20 zuwa 5W-30, yakan rage shan mai ya kuma ɗaga ƙarfinsa. Akwai kuma man da ake yi musamman domin motocin da suka haura mil 75,000, wato kimanin kilomita 120,000, mai ɗauke da maganin tausasa robobi. Amma yawan kilomita shi kaɗai ba hujja ba ce ta sauya mai. Injin da ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, ƙarfin mansa bai faɗi ba, babu dalilin raba shi da abin da aka ƙera shi a kai. Haka nan kauri ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye, jinkirta gyara kawai yake yi.

3.6 Yadda Batun Ya Shafi Ƙasar Hausa

Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su Nijeriya da Nijar an ƙera su ne domin kasuwar Amurka, kuma a kan murfin mansu an rubuta 5W-20 ko 0W-20. Amma a gareji da yawa al'adar da aka gada tun zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita ce zuba mai kauri irin 20W-50, bisa hujjar cewa ƙasar tana da zafi. Lallai zafin bazara a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, amma lagireto da na'urar daidaita zafi su ne suke tsayar da ruwan inji a wajen digiri 90, ko a Kano ko a Landan. Zafin gari yana ɗaga zafin mai kaɗan, musamman a cunkoso ko da lodi, kuma wannan yana iya zama hujjar hawa mataki ɗaya. Tsallake daga 20 zuwa 50 kuwa yana da illa ga injin zamani, domin na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da mai take aiki, ta cikin ƙananan kafofi masu rariya, kuma mai kauri yana sa ta nawa.

Abubuwan da suka fi kashe inji a wannan yanki su ne ƙurar hunturu da ke shiga ta lalatacciyar filtar iska, da jabun mai, da wuce lokacin juye, da cire na'urar daidaita zafi, da tafiya da mai ƙasa da layin sandar awo. Ƙura idan ta shiga mai ta zama yashin wanke tukunya, kuma tsinkakken mai ya fi saurin nuna illarta tun da shimfiɗarsa siririya ce. Saboda haka wanda ya zaɓe shi wajibi ne ya kula da filta, ya kuma riƙa yin juye a kan jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafin motar.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsinkakken baƙin mai yana kare inji zuwa doguwar tafiya idan an cika sharuɗɗa uku: injin an ƙera shi domin wannan mai, ƙarafansa lafiya suke, kuma man na gaske ne ana juye shi a kan lokaci. An kuma ga cewa rarar kariyarsa ba ta kai ta mai kauri ba, don haka idan inji ya nuna alamun tsufa, ko yana aiki cikin zafi da lodi, hawa mataki ɗaya abu ne mai hujja. Ma'aunin da ya kamata a bi shi ne littafin mota da halin da injin yake ciki, domin kowane allazi da nasa amanu. Babi na gaba zai duba hanyoyin gane jabun mai a kasuwa.